An amince da biliyoyi, me ya hana famfo kawo ruwa a ƙasar Nabaho?

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu a fannin albarkatun ruwa, an ba ni aiki kan yarjejeniyoyin haƙƙin ruwa na ƙabilun asali na Amurka. Kullum sai in karanta an amince da ɗaruruwan miliyoyin dala, amma har yau kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajen Nabaho, ɗaya daga cikin ƙabilun, ba famfo. Abokan karatuna sun ce shugabannin ƙabilar ne ke cinye kuɗin. Ina tsoron in rubuta abin da zai zalunci mutane.

Amsa: 'Yar'uwa, tsoron nan naki yana kan hanya. Tunda kin san hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Winters na 1908, wanda ya tabbatar wa ƙabilun haƙƙin ruwan yankunansu, ba sai na koma can ba. Mu tafi inda gizo ke saƙa.

Kuskuren abokanki kullum sai na ci karo da shi, har a bakin masu ilimi: suna ɗauka idan majalisar dokokin Amurka ta amince da yarjejeniya, shugaban ƙasa ya sa hannu, to kuɗi ya shiga asusu. Sam ba haka ba ne. Dokar amincewa izini kawai take bayarwa a kashe kuɗi har zuwa adadi kaza. Fitar da kuɗin wata doka ce daban, kuma sau da yawa sai an bi layin kasafin kowace shekara, ana gogayya da sauran buƙatun gwamnati. Adadin da jarida ta buga da manyan baƙaƙe rufin alkawari ne, ba abin da ya iso hannu ba.

Dubi aikin noman ranin Nabaho a jihar New Mexico. A 1962 majalisa ta amince da shi, eka 110,630 za a shayar daga kogin San Juan. An haura shekara 60, har yanzu ba a kai ƙarshensa ba, saboda kuɗin yana zuwa ne a ɗige. Ga kuma aikin bututun Nabaho zuwa garin Gallup, mai tsawon kusan mil 300. An amince da shi a 2009 kan dala miliyan 870, da niyyar gamawa a 2024. An ɗaga wa'adin zuwa 2029, ƙiyasin kuɗin kuma ya haura biliyan 2. Duk shekarar da aka yi jinkiri, farashin bututu, siminti da ladan ma'aikata ya ƙaru, sai a sake komawa majalisa neman a ɗaga rufin. Wa ke gina shi? Galibinsa hukumar madatsun ruwa ta gwamnatin tarayya da 'yan kwangilarta ne. To kuɗin da bai bi ta hannun shugaban ƙabila ba, ta ina zai cinye shi?

Ko asusun amanar da ake buɗe wa ƙabila, Ma'aikatar Cikin Gida ce ke riƙe da shi, kuma galibi ba a taɓa shi sai an cika sharuɗɗa, kotu ta tabbatar da rabon ruwan, an amince da tsarin kashewa. Ban ce shugabannin ƙabilu waliyyai ba ne. Amma jita-jitar nan tana da haɗari, domin ita ce ke ba mai jan ƙafa hujjar ci gaba da jan ƙafa. Kuma tana sa a manta cewa kuɗin nan ba sadaka ba ne. Ƙabila tana yafe ƙararrakinta na ruwa, ta haƙura da wani ɓangare na abin da take da'awa, a madadin bututu da magudanan ban ruwa. Ta biya nata tun farko.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, ana can ana musayar takardu a Washington, magidanci yana ɗora tanki a bayan a-kori-kura, ya bi hanyar burji mai nisa zuwa wurin ɗiban ruwa, ya dawo gida a auna na sha, na girki, na dabbobi.

An ɗan yi gyara. Dokar 2009 da ta amince da aikin bututun nan ta kafa asusun da ke samun dala miliyan 120 duk shekara daga 2020 zuwa 2029 ba tare da jiran kasafi ba. A 2021 dokar ababen more rayuwa ta ware biliyan 2.5, amma ga yarjejeniyoyin da aka riga aka amince da su kaɗai. A 2023 kuma Kotun Ƙoli, da alƙalai 5 a kan 4, ta ce yarjejeniyar 1868 tsakanin gwamnatin Amurka da ƙabilar Nabaho ba ta wajabta wa gwamnati samo wa Nabaho ruwa ba.

A rubutunki, ki raba adadin da aka amince da shi da wanda aka fitar kowace shekara. Sannan ki bincika wa zai biya janyo ruwa daga babban bututu zuwa cikin gida, da wa zai ɗauki nauyin wutar injinan turo ruwa da gyara, domin waɗannan sau da yawa daga wani kasafin suke fitowa.