Tambaya da Amsa: In sayi sojojin da aka riga aka yi wa fenti?

TAMBAYA: Malam, barka da ƙoƙari. Ni malamin tarihi ne, shekaruna sun haura hamsin. Bara na sayi akwati biyu na ƙananan sojojin roba na zamanin Napoliyon, irin na wasan yaƙi a kan tebur, da niyyar ni da ɗana mu riƙa buga yaƙin Waterloo na 1815, inda aka ci sarkin Faransa Napoliyon da yaƙi. Yau wata goma sha huɗu ke nan, guda tara kacal na yi wa fenti, don idona ba ya ɗaukar aikin. Na ga ana sayar da waɗanda aka gama fente su, amma tsadarsu ta wuce ta sauran nesa ba kusa ba. Wani abokina kuma ya ce wanda bai fenta sojansa da hannunsa ba bai shiga harkar ba tukuna. Asarar kuɗi ce?

AMSA: Malam, ba asara ba ce, kuma maganar abokinka ba ta da tushe. Bari mu fara da lissafi. A yawancin ƙa'idojin wasan zamanin Napoliyon, bataliya ɗaya kan ɗauki soja kamar 24. Ni da na daɗe da buroshi a hannu, in ban yi gaggawa ba, soja mai tsayin milimita 28 yakan ci mini awa guda: riga, wando, fuska, jakar baya, bindiga, sai fararen maɗauran nan da ke gicciye a ƙirji, waɗanda in hannu ya ɗan karkarwa sai fari ya malala kan shuɗi a koma baya. Ka sa bataliya shida a kowane ɓangare, soja 288 ke nan, awa 288. In awa uku kake samu a mako, ka doshi shekara biyu, ba a ma zo kan mahaya dawakai da igwa ba. Kafin nan ɗanka ya girma, wataƙila hankalinsa ya koma wani wuri. Abin da za ka saya da kuɗinka shekarun nan biyu ne.

Shi kuwa abokinka, ka tuna masa da asalin abin. A 1893 kamfanin William Britain na Landan ya fito da dabarar zuba sojojin darma masu rami a ciki, kuma da fentinsu ake sayar da su. Irinsu marubucin Ingila H. G. Wells ya jera a ƙasa yana harbinsu da 'yar igwar wasa, har ya wallafa ƙa'idojinsa a littafin Little Wars a 1913. Wato da sojan da aka saya a fente wasan ya yi tashe tun farko. Fenti sana'a ce mai daɗi, ina sonta ƙwarai, sai dai ita daban, jan runduna a fagen fama daban. Akwai mai son duka biyun, akwai mai son ɗaya.

Amma kada in ɓoye maka, akwai abin da za ka rasa. Fentin masana'anta kala kaɗan ne, ba inuwa a lanƙwasar riga, fuska kuma sau da yawa ɗigo biyu ne a madadin ido. In ka kai shi kusa da hanci ba zai burge ka ba. Ga yadda nake gwadawa: in ajiye sojan a tebur, in miƙe tsaye, in dube shi daga nisan hannu, domin daga nan ake kallonsa lokacin wasa. In na bambance ja da shuɗi, na gane mai riƙe da tuta da mai ganga, ya yi. Soja 24 masu matsakaicin fenti a sahu ɗaya sun fi guda tara masu kyan gaske da tulin roba mai launin toka a bayansu.

Inda aikin masana'anta ya fi kyau shi ne jirage da tankoki. Kamfanin Ares Games na Italiya yana da Wings of Glory, jiragen saman yaƙin duniya, da Sails of Glory, jiragen ruwa na zamanin Napoliyon, duk a fente, daga akwati sai tebur. Sojan ƙasa na 1815 kuwa ya fi samuwa ta hanya biyu: ko a hannun wani ɗan wasa da ke sayar da rundunarsa, ko a wurin masu yin fenti a biya su. Kai hanya ta biyun ta fi dacewa da kai, tunda akwatunanka biyu suna nan. Amma kada ka yi cinikin biri a sama. Ba da soja shida a fara yi maka, ka riƙe su a hannu ka gani, sannan ka miƙa sauran.

A matsayinka na malamin tarihi, kayan jikin sojan za su fi damun ka, kuma nan ne ake yawan zamewa. Na taɓa sayen bataliyar Faransa daga wani, an ce mini ta Waterloo ce. Da na buɗe sai na tarar da hula mai kusurwa biyu a kansu, irin ta yaƙin Austerlitz na 1805. A 1815 sojan ƙasa na Faransa doguwar hula mai baki yake sawa, da gajeriyar riga shuɗiya. Haka ɓangaren Birtaniya: ba kowa ne mai jar riga ba. 'Yan runduna ta 95 masu raifal kore suke sawa, abokan ƙawancensu Jamusawan Brunswick kuma baƙaƙen kaya. Ko a cikin masu jar rigar, launin wuya da na bakin hannu ne ke nuna rundunar mutum. Ka rubuta wa mai fentin sunan rundunar da shekarar, kada ka bar shi ya zaɓa maka.

Sai girma. Kada ka haɗa sojan milimita 28 da na 15 a tebur ɗaya. Manyan sojojin ƙarfe irin na kamfanin King & Country, masu kusan milimita 60, na ajiya ne a cikin gilashi; in ka ce da su za ka jera Waterloo, ɗaki ba zai ishe ka ba. Ka kuma zaɓi ƙa'idar wasanka kafin a manna sojojinka a kan faifan da za su tsaya a kai, domin kowace ƙa'ida da faɗin da take so. In sun iso, fesa musu man kariya marar ƙyalli, ka koya wa ɗanka ɗaukarsu ta faifai, kada ta banati. Tsofaffin na darma kuwa, irin na kafin 1966, ka nisanta su da ƙananan yara, darma guba ce.

Shawarata kada ka jira rundunar ta cika. A filin Waterloo akwai gidan gona mai suna La Haye Sainte, a gaban tsakiyar sahun Wellington, babban kwamandan ɓangaren Birtaniya. Ranar 18 ga Yuni, 1815, Jamusawa kusan 400 na ɓangaren Birtaniya, masu koren kaya, ƙarƙashin Manjo Baring, suka riƙe shi tun rana har wajen ƙarfe shida na yamma, sai da harsashinsu ya ƙare Faransawa suka karɓe shi. Wannan artabu ba ya bukatar soja 288. Bataliya biyu ta Faransa, 'yan tsirarun masu tsaro, da gidan da ɗanka zai iya yankawa da kwali, sun wadatar. Guda taran nan da ka fenta da hannunka kuma ka sa su a sahun gaba, ka ba yaron ɓangaren Baring, ka ƙidaya masa harsashi, ka ga ko zai kai ƙarfe shida.