Wa ya yanke Vada Chennai?

Tambaya: Na kalli fim ɗin Tamil ɗin nan Vada Chennai, sai wani abokina ya ce wanda na gani yankakke ne, akwai cikakkensa da hukuma ba ta taɓa ba. Gaskiya ne? Me aka cire?

Amsa: Abokinka yana da gaskiya, amma ba duka ba. Fim ɗin da Vetrimaaran ya ba da umarni, Dhanush ya fito a matsayin Anbu, ya fita a Oktoban 2018 da shaidar A, wato ta manya zalla. Hukumar tace fina-finai ta Indiya, CBFC, mai hedikwata a Mumbai da ofishi a Chennai, tana aiki ne da dokar 1952. Fim irin wannan, mai zagi da sara da suka a unguwannin masunta na arewacin Chennai, idan darakta ya amince da A, yawanci almakashinta bai cika shiga sosai ba: a kashe sautin wata ashar, a rage jini, a liƙa gargaɗin taba a ƙasan allo.

Babban yankan daga hannun darakta ya fito. Shi da kansa ya ce abin da ya fara haɗawa ya haura awa biyar, alhali na sinima bai kai awa uku ba. Wannan ba takurawar hukuma ba ce, lissafin kasuwa ne, don babu mai gidan sinimar da zai karɓi fim ɗin da zai cinye masa rabin yini. Sannan bayan fitowarsa masunta suka koka kan wani fage na daren farko a cikin jirgin ruwa, tsakanin 'yan wasa Ameer da Andrea Jeremiah. Vetrimaaran ya ba su haƙuri, ya ce za a cire. Ka ga nan jama'a ce ta tace, ba gwamnati ba.

Inda hukuma ta matsa da gaske shi ne wani fim ɗin Tamil, Aaranya Kaandam na darakta Thiagarajan Kumararaja, da aka nemi a yanke wurare 52 kafin ya fita a 2011. A lokacin akwai kotun ɗaukaka ƙara ta musamman ta fina-finai. An rushe ta a 2021, yanzu sai dai a je babbar kotu.

Don haka ka yi hattara da abin da ake yawo da shi a waya ana cewa "cikakke". Manhajojin kallo ba sa ƙarƙashin CBFC, shi ya sa wani lokacin ake jin zagin da aka kashe a sinima, amma 'yan mintuna ne, ba awanni ba. Na talabijin kuwa ya fi kowanne shan almakashi, domin sai an sake tace shi ya dawo UA, wato shaidar da yara za su iya kallo da kulawar iyaye. In kuma fassarar Hausa ka kalla, to masu fassarar ma suna nasu yankan.