Zurfin Ruwa, Lamuni da Digirin Digirgir

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara sani. Jami'o'i biyu sun ba ni gurbin digiri na uku a fannin tattalin arziki, kuma burina in yi aiki a Asusun Ba da Lamuni na Duniya ko Bankin Duniya. Ɗaya sunanta ya cika duniya, ɗayar kuwa ba kowa ya san ta ba. Da na nemi shawarar wani malamina, abin da ya ce kawai shi ne, "Daga na gaba ake gane zurfin ruwa." Yana nufin in bi sawun manyan da suka shugabanci irin waɗannan hukumomi ke nan?

Amsa: Amin, 'yata. Malaminki ya ba ki amsa mai kyau, ke ce kika ɗauko ta ta wutsiya. Karin maganar ta masu tsallake rafi ce a mashigi. Na baya yana tsaye a bakin gaɓa yana kallon wanda ya riga shi shiga, ya ga inda ruwa ya kama shi: gwiwa ne, ƙugu ne, ko wuya. Wasu kan ce "ake ganin zurfin ruwa", duk ɗaya ne. Ki lura, ba a ce "na gaba ake bi" ba. Aikin na gaba a nan shi ne ya zama ma'auni, kuma na baya yana iya fasa shiga saboda abin da ya gani.

Sannan "na gaba" daban, "na da" daban. Ngozi Okonjo-Iweala ta kammala digirinta na uku a jami'ar MIT ta Amurka a 1981, ta yi shekara 25 a Bankin Duniya, ta zama shugabar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2021. Akinwumi Adesina, wanda ya shugabanci Bankin Raya Afirka daga 2015 zuwa 2025, a Jami'ar Purdue ta Amurka ya yi nasa a 1988, a fannin tattalin arzikin noma. Kristalina Georgieva, shugabar Asusun tun 2019, a Sofiya ta ƙasar Bulgeriya ta yi karatunta. Mashigai uku ne daban-daban, kuma an daɗe da tsallake su. Ruwan da aka shiga shekara arba'in da suka wuce ba ya gaya miki zurfin na bana.

Na gabanki na gaskiya su ne ɗaliban da suka fita daga sassan tattalin arziki na waɗannan jami'o'i biyu a shekaru biyar ɗin nan. Yawancin sassan tattalin arziki sukan wallafa a shafinsu na intanet inda kowane ɗalibi ya sami aikinsa na farko. Ki buɗe jerin, ki ƙirga nawa ne suka shiga Asusun, Bankin Duniya, ko babban bankin wata ƙasa. Kada idonki ya tsaya a kan zakaran ajin. Idan dogo ya shiga ruwa ya kama shi a ƙirji, gajere ya san nasa a hanci zai tsaya, saboda haka ki dubi inda na tsakiyar aji ya ƙare. Ki kuma tambayi mutum nawa ke shiga shirin, nawa ke kammalawa, don jerin ba ya nuna waɗanda jarrabawar ƙarshen shekarar farko ta kayar.

Akwai zurfin da lissafi ke nunawa. A tsarin Amurka, shekara biyu ta farko ta darasi ce, kuma duka karatun yakan ci shekara biyar zuwa shida. A wasu jami'o'in Turai mai digiri na biyu yakan gama cikin uku ko huɗu. Shirin da Asusun ke ɗaukar sababbin masana tattalin arziki da shi na shekara uku ne, ana yin wata 18 a wani sashe, 18 a wani, kuma sharaɗin da aka saba shi ne kada mutum ya kai shekara 34 lokacin shiga. Wanda ya fara karatun shekara shida yana da 29 zai gama yana da 35, ka ga ya wuce sharaɗin. A ganina, sashen da ke da malamai biyu ko uku masu aiki a fannin da kike so, da tallafin karatu har ƙarshe, ya fi babban suna wanda malami ɗaya tilo ne a fannin, shi ma ɗalibai sun yi masa yawa. Ban ce suna ba ya buɗe ƙofa ba. Yana buɗewa, amma a ranar ganawa maƙalarki ta neman aiki, wato binciken da za ki gabatar don nuna ƙwarewarki, ita za a baje a tebur.

Tambaya: Malam, don me ake cewa Asusun Ba da Lamuni, ba a ce na ba da bashi ko rance ba? Kuma me ya raba shi da Bankin Duniya?

Amsa: Hausa ta tsefe wannan fage sosai. Aro shi ne a ba ka abu ka mayar da shi kansa. Rance kuwa ka kashe abin, ka mayar da kwatankwacinsa, shi ya sa ake rancen kuɗi. Bashi shi ne nauyin da ke wuyanka har ka biya. Lamuni ya ƙunshi yarda: a amince ka karɓa yanzu ka biya daga baya, ko wani ya tsaya maka, kamar yadda ake cewa "na lamunce masa". Duk wanda ya fara zaɓar wannan kalma ya yi dace, domin idan Asusun ya amince da shirin gyaran tattalin arzikin wata ƙasa, sauran masu ba da bashi sukan ɗauki hakan a matsayin shaida.

Hukumomin biyu tagwaye ne, daga taron Bretton Woods na 1944 suka fito, kuma dukansu a Washington suke. Asusun yana lura da hauhawar farashi, darajar kuɗi, kasafin gwamnati da bashin ƙasa, yana tura tawaga ƙasashe don tuntuɓar da sashe na 4 na yarjejeniyar kafa shi ya tanada. Bankin ya fi karkata ga talauci, ilimi, lafiya, noma da ayyukan raya ƙasa. Wannan ya shafi mai tambaya ta farko: sashen da ya ƙware a nazarin tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya ya fi kusa da ƙofar Asusun, wanda ya ƙware a binciken gidaje da auna tasirin shirye-shirye ya fi kusa da ta Bankin. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Tambaya: Malam, "digirin digirgir" Hausa ce ingantacciya?

Amsa: Hausa ce, kuma mai daɗin faɗa. "Digiri" baƙuwa ce da ta zama 'yar gida, aka yi mata wasa da sauti don a nuna digirin da ya hau kan digiri. Kunnen Bahaushe yana jin "digirgire" a ciki, wato ɗora kaya a ka a tafi ba tare da an riƙe ba. 'Yan jarida suna amfani da ita sosai. A takardar hukuma ko wasiƙar neman gurbi, "digiri na uku" za ka rubuta.