Amsoshin Tambayoyinku: Rarar Kuɗi a Tikiti da Biskit ɗin da Ya Baje

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yin biskit mai gutsattsarin shokola, wanda ake kira kukis, ina sayarwa a unguwarmu Bukoki a nan Yamai. Na sayi kayan haɗi a wani babban butik, lissafina jikka 18 da rabi, aka karɓi jikka 21. Da na koma, yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ce haraji ne. Ga shi kuma kwanan nan biskit ɗin bajewa yake yi a faranti har ya haɗe da juna. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mu fara da kuɗin.

Maganar haraji ba ta hau ba. TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan sayarwa, a Nijar kashi 19 cikin 100 ne. Da shi aka ɗora a kan 18.500, da 22.015 kika biya, ba 21.000 ba. Kuma farashin da ke manne a kanta yawanci TTC ne, wato harajin yana ciki. Rarar 2.500 cif ta fi kama da kuɗin kaya guda: ko na'ura ta karanta fakitin shokola ɗaya sau biyu, ko an canza farashi a kwamfuta ba a canza takardar kanta ba.

Ki baza kayan a gabanki, ki bi tikitin layi-layi: suna, adadi, kuɗin ɗaya, jimla. Ki ɗauki hotonsa yau ɗin nan, don rubutun irin wannan takarda gogewa yake yi in ya sha zafi. In ta waya kika biya, kar ki goge saƙon, lambar cinikin tana ciki.

Ki koma da safe kafin a cika, ki nemi mai kula da butik ɗin. Kar ki tsaya cacar baki da yarinyar, sau da yawa ba ta da ikon maido da kuɗi. Ki ba shi lambar tikiti da lokacin da ke jiki, ki ce ya duba cinikin ranar, ya ƙirga shokolar da ta rage a kanta. In sun amsa kuskure amma suka ce sai dai ki ɗauki kaya daga baya, to a rubuce, da sa hannu da tambari. "Ki dawo gobe" ba shaida ba ce. In ya ƙi, ki rubuta takardar koke kwafi biyu, su buga tambari a taki, sannan ki kai ga ƙungiyar kare masu saye ko ma'aikatar kasuwanci. Ba ƙaranta ba ce neman jikka biyu da rabi, ribar faranti nawa ke nan a wurin mai sana'a.

Batun bajewa kuwa, mun fi zargin zafi. Bota tana narkewa tun daga digiri 32 zuwa 35, Yamai kuwa a watan Afrilu da Mayu ta wuce 40. Kwaɓin da botarsa ta zama ruwa zai malale kafin fulawar ta kama jikinta. Ki fito da botar daga firigo minti goma kacal kafin aiki: yatsa ya lotsa ta, amma kar ta yi ƙyalli.

Ga awo na kusan guda 20: fulawa giram 250, bota 125, jan sukari 100, farin sukari 75, ƙwai ɗaya, rabin ƙaramin cokali na bikarbonat, rabin na gishiri, shokola 150. Ki auna da sikeli, gwangwani yana yaudara. In babu jan sukari, mazarƙwaila da aka goga ta yi laushi tana tsayawa a madadinsa, ita ce ke ba da taushin ciki. Farin sukari zalla yana ƙara bajewa da tauri. Yis na burodi ba shi da wuri a nan.

Ki buga bota da sukari minti biyu, ki sa ƙwai, sannan fulawa. Da zarar farin garin ya ɓace ki tsaya da juyawa, in kin zarce zai yi tauri. Ki mulmula giram 35-35, ki sa a firigo aƙalla awa ɗaya. In an ɗauke wuta, kula mai ƙanƙara ta wadatar, ko ki yi kwaɓin da asuba. Gashi a digiri 180, minti 10 zuwa 12, a bene na tsakiya na murhun gashi. Ki sauke gefe ya yi ja, tsakiya da sauran laushi, zai ƙarasa a kan faranti cikin minti biyar. Kar ki jera sabon kwaɓi a faranti mai zafi. Murhun gas yakan ƙona ƙasa, sai ki ninka faranti biyu, ki gwada da guda biyu tukuna.

Wajen saye, margarin na roba mai laushi ruwa ya yi masa yawa. Ki duba jikin fakiti, ki nemi mai kitse kashi 80. Shokolar shafawa a burodi ba ta yi. Ki sayi baƙar shokola ta fakiti ki yanka da wuƙa kamar girman gyaɗa, sau da yawa ta fi ƴan ƙwayoyin da ake shigowa da su araha. In kin buɗe kika ga fari-fari a kanta, narkewa ta yi ta sake daskarewa, tana ciwuwa kuma a gashi ba a ganewa. Wadda ke warin tsohon mai ce za ki mayar, tare da tikitinta.