Tambayoyinku: Siginar tsohuwar jif ɗina ta haukace, wace manhaja zan sauke?

Wannan karon masu tsofaffin motocin daji ne suka cika min akwati, kamar sun haɗa baki. To bismillah.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina da tsohuwar Land Rover Series 3, in na saka sigina ta hagu sai jar fitilar baya ta riƙa ƙiftawa tare da ita, in na taka birki kuma siginar ta tsaya cak. Na canza kwan fitila, na canza filasha (na'urar da ke sa sigina ƙiftawa) har sau biyu, na sa sabon makunnin sitiyari, duk a banza. Naga ana sayar da wata 'yar na'urar OBD mai karanto matsalar mota daga kwamfutarta, da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, wacce zan saya kuma wace manhaja zan sauke?

Amsa: Alhaji rufe aljihunka tukunna. Series 3 daga 1971 zuwa 1985 aka ƙera ta, shi kuwa OBD2, tsarin soket ɗin da ake soka irin wannan na'urar, sai 1996 aka wajabta shi a Amurka, Turai ma sai daga baya, to ina zaka soka na'urar, a madubi? Motarka bata da kwamfutar da zata yi hira da wayarka, batir ne da fiyus da filasha da makunni da waya da kwai, shikenan.

Abun da ke ɓata min rai a irin wannan wasiƙa shi ne sayen kaya kafin gwaji. Filasha biyu! Makunni sabo! Alhali motar da bakinta ta gaya maka ciwonta. Duk sanda kaga fitila ɗaya tana shiga aikin wata fitila, sigina tana taɓa fitilar baya, birki yana kashe sigina, to nagatif ne ya lalace, wato hanyar da wuta ke bi ta jikin ƙarfen mota ta koma batir. Wuta kamar ruwan sama ce, in ka toshe mata kwata sai ta bi ta ɗakin maƙwabci. Kwan birki zare biyu gare shi, mai wat 21 na birki da mai wat 5 na fitilar baya, to wutar sigina da ta rasa hanyar komawa sai ta bi ta wayar nagatif ɗin da suke tarayya a kai, ta ratsa zaren nan ta fita ta sauran fitilu, shi ya sa kake ganin ja yana ƙiftawa a dishe. Da ka taka birki kuwa sai bolt 12 ya zo ta ɗaya ɓangaren ya tare hanyar, kwan sigina ya samu wuta gaba da baya, babu bambanci, sai ya mutu. Babu aljani a ciki kuma filasha ba ruwanta.

Kuma wannan motar dama an santa da haka. Jikinta alminiyam ne, shasinta ƙarfe ne, inda suka haɗu in ruwa ya shiga sai su ci juna, ga taɓo ga tsallaka rafi ga girgiza ta shekara arba'in da ɗoriya. Dunƙulen taɓon da ke maƙale a bayan fitila yana riƙe danshi ko da rana ta fito.

Ga gwajin, minti biyar ne. Ka samu doguwar waya, ka maƙala bakinta ɗaya a kan nagatif na batir, ka kunna siginar hagu, ka taɓa ɗaya bakin a jikin ƙarfen soket ɗin kwan. In nan take komai ya dawo hayyacinsa an gama bincike. Sai ka kwance fitilar, ka bi baƙar waya har inda aka ɗaure ta, ka goge wajen da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka sa wa wayar sabon kai da sabon noti, ka shafa giris a kai bayan ka ɗaure. Ni dai ra'ayina ma ka ja sabuwar baƙar waya daga kowace fitila kai tsaye zuwa shasi ka huta. Motocin Ingila na wancan zamanin launin wayarsu a tsare yake: baƙa nagatif, koriya mai layin ja siginar hagu, koriya mai layin fari siginar dama. Wannan in har wani rewaya bai riga ya bi ta da jar waya ɗaya tun daga gaba har baya ba, wanda in haka ne sai dai in ce Allah ya baka haƙuri. Ka kuma zare 'yan mahaɗan nan masu kan harsashi ɗaya bayan ɗaya, zaka tarar da wasu sun yi koren tsatsa har suna marmashewa a hannu.

Masu mitar auna wuta kuma ku saurara, dan nasan wani zai rubuto yace ai ya auna yaga bolt 12. Mita kusan bata jan wuta, ko siririn gashin waya ɗaya ne ya rage zata nuna maka 12 cif, amma kwan wat 21 yana buƙatar kusan amfiya 2, nan ne asirin wayar ke tonuwa. Ka auna fitila tana kunne, tsakanin nagatif na batir da jikin soket, in ya haura kamar bolt 0.2 akwai matsala. Ni shi ya sa na fi son fitilar gwaji mai kwai na gaske, bata san ƙarya ba. Wayarka kuma tana da aiki ɗaya a nan: ka ɗauki hoton kowane mahaɗi kafin ka cire shi. Kullum ina faɗa, kullum ana mantawa.

Tambaya: Na cire tsofaffin kwayaye na sa LED a Hilux ɗina, yanzu sigina gudu take kamar ana binta.

Amsa: Filashar ce take zaton kwai ya mutu sabida LED baya jan wuta sosai. Ƙa'ida ƙiftawa 60 zuwa 120 ne a minti. Sayi filashar da aka yi dan LED mai ƙafafu irin na taka. Zasu ce ka sa rezisto mai om 6 wat 50, yana aiki, amma zafi yake kamar me kuma ya cinye wutar da LED ke maka tattali. In ka nace ka ɗaure shi a jikin ƙarfe, nesa da roba.

Tambaya: Malam fiyus ɗin sigina yana ta ƙonewa, sai ƙanina ya naɗa masa siririyar waya, yanzu ya daina. Akwai illa?

Amsa: Haba 'yar'uwa! Ya daina ƙonewa ne dan yanzu wayar motar ce zata ƙone a madadinsa. Ku cire yau, ku maida fiyus mai lambar da aka rubuta. Sannan ku lura, hagu ne ke ƙona shi ko dama, ku bi wayar wannan ɓangaren inda ta ratsa ƙarfe babu roba, da bayan bamba, da soket ɗin tirela in akwai. Ƙanin naki kuma a karɓe filayar hannunsa.

Tambaya: Fitilun hazad suna yi duka huɗu, amma sigina ko ɗaya bata yi.

Amsa: Kwayaye da wayoyinsu lafiya lau kenan. Duba fiyus ɗin sigina, dan hazad daga batir yake sha kai tsaye, ita kuwa sai an murɗa makulli. In fiyus lafiya, a motoci da yawa wutar sigina ta cikin maɓallin hazad take wucewa, danna shi ka saki sau da yawa, ka fesa masa maganin wanke mahaɗin lantarki. Makunnin sitiyari shi ne na ƙarshe.

Tambaya: An sa min cajar USB a tsohuwar Land Cruiser, wayata bata caji sai in na saka siginar dama, shi ma tana yi tana ɗaukewa.

Amsa: Wallahi sai da na yi dariya. Wanda ya maka aikin ya fere wayar sigina ya ɗaura cajar a kai, sai dai ka yi ta kwana dama har ka cika batir. A cire, a rufe inda aka fere, a ja wuta daga layin da ke zuwa in an murɗa makulli, da nata fiyus. Ka kuma leƙa ƙarƙashin bonet, wasu tsofaffin Land Cruiser masu dizal bolt 24 ne da batir biyu, in taka ce ka tabbata an rubuta 12 zuwa 24 a jikin cajar kafin ka sake jona wayarka.