Ko gashi zai maye gurbin tiyata ga mai ƙarin fankiriyas na gado?

Tambaya: Likita, an gano ƙari a fankiriyas ɗin maigidana, an kuma ce yana da lalurar gado mai suna MEN1. Yana tsoron tiyata. Ba za a iya yi masa gashi ba, kamar yadda ake yi wa masu ciwon daji? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. MEN1 tangarɗa ce a wata ƙwayar halittar gado da aka gano a 1997, kuma tana haddasa ƙari a fankiriyas (halittar da ke cikin ciki mai samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini), da wasu ƙananan halittu na wuya masu daidaita kalsiyam, da wata a ƙasan ƙwaƙwalwa.

Gashin da kike nufi, wato haske mai ƙarfi da na'ura ke harbawa daga waje don kashe ƙwayoyin ƙari, ba shi ne maganin farko ba, domin a wannan lalura ƙarin kan fito ƙanana a wurare da yawa, ga kuma hanji da ciki da ƙoda a kusa, waɗanda hasken zai iya yi wa lahani. An fi amfani da shi wajen rage zafi idan ciwon ya kai ga ƙashi. Ƙarin da bai kai santimita 2 ba, kuma ba ya fitar da sinadari, sau da yawa sa ido ake yi masa. Idan ya girma, ko yana zubo insulin har sukari ya faɗi, tiyata ce ta fi.

Akwai kuma gashi na cikin jini, wanda Amurka ta amince da shi a 2018 da sunan Lutathera. Ana ɗora sinadarin lutetium-177, mai fitar da hasken gashi, a kan maganin da ke manne wa ƙwayoyin ƙarin duk inda suke, a ba da shi ta jijiya sau 4, mako 8 tsakani, tare da ƙarin ruwa mai kare ƙoda. An tanade shi ne don ciwon da ya bazu, musamman zuwa hanta, ko wanda wuƙa ba za ta iya cirewa ba, kuma sai hoto na musamman ya nuna ƙarin zai kama maganin. Yana da tsada ƙwarai, yana kuma iya taɓa ɓargo.

A ganina abin da ya fi gaggawa shi ne 'ya'yanku, domin kowane ɗayansu yana da yiwuwar kashi 50 cikin 100 na gadon lalurar. Ku nemi a fara auna musu kalsiyam tun yanzu, haka ma 'yan'uwan maigidan.