Ga ƙanwata mai tambaya a kan addu'ar neman haihuwa

Ƙanwata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Kin ce shekara 7 ke nan da aurenki babu haihuwa, kin yi azumi, kin kwana a majami'a kina roƙo, kin ba da baiko na musamman inda aka ce ki bayar, amma shiru. Kina so ki san wace irin addu'a ce Allah yake amsawa, da kuma ko wani zunubi ne ya tare miki hanya. Na daɗe a zumuntar mata, na durƙusa tare da mata da yawa masu irin kukanki. Ba zan ce miki mahaƙurci mawadaci in wuce ba, domin na san kin gaji da jin haka.

Ki fara sauke wannan nauyin daga ranki: jinkiri ba shaidar zunubi ba ne. Buɗe Luka sura 1. An ce Zakariya da Alisabatu masu adalci ne a gaban Allah, ba su da abin zargi, sai aya ta gaba ta ce ba su da ɗa, ga kuma tsufa ya cim musu. Da mala'ika ya bayyana wa Zakariya a Haikali, cewa ya yi an ji addu'arsa. Ishaku ma yana da shekara 40 ya auri Rifkatu, bai ga tagwayensa ba sai yana da 60. Duk wanda ya dube ki ya ce lalle akwai abin da kika aikata, ki tambaye shi laifin Alisabatu.

Maganar baiko kuwa ta taɓa ni ƙwarai. Bayarwa ga aikin Allah abu ne mai kyau, amma ba a sayen amsar addu'a. A Ayyukan Manzanni sura 8, Saminu mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi a Samariya don ya samu baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya. Na ga matan da suka sayar da akuya, wasu har da keken ɗinki, suka sayi kwalbar mai ko ruwan da aka ce an yi wa addu'a, suka dawo gida ba ciki ba jari. In an yanka miki farashi, ɗauki jakarki ki fita.

To, akwai abin da yake tare addu'a? Akwai. Abin da na lura shi ne, yawancin wuraren da Littafi Mai Tsarki ya ambata shi, maganar zamanmu da mutane ce. Kowa ya haddace Markus 11:24, cewa mu gaskata mun samu abin da muka roƙa. Kaɗan ne suke ƙarasawa zuwa aya ta 25, inda Yesu ya ce in mun tsaya yin addu'a, mu yafe wa wanda muke riƙe da shi a zuci. A Matiyu sura 5 har cewa ya yi ka bar baikonka a gaban bagade, ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna.

Akwai wasu mata biyu a zumuntarmu da suka daɗe ba sa ga maciji da juna saboda kuɗin adashe. Benci ɗaya suke zama, waƙa ɗaya suke rerawa, amma ko gaisuwa babu. Ɗayar ta gaya mini duk lokacin da ta rufe ido za ta yi addu'a, fuskar waccan ce take fara zuwa mata. Ran da ta taka har gidan matar suka yi kuka tare, ta ce sai a ranar ta iya kai Addu'ar Ubangiji ƙarshe ba tare da harshenta ya yi nauyi a wurin neman gafara ba. Ke ma na san gorin dangin miji yana da ciwo, wataƙila akwai kalmar da uwar miji ta faɗa wadda har yau take ci miki rai. Yafewa ba ta nufin sun yi daidai, kuma ba na ce da zarar kin yafe ciki zai shiga ba. Amma za ki iya tsayawa gaban Ubanki da zuciya ɗaya. Ki duba kuma yadda kike da yarinyar da take taya ki aiki, da mai bin ki bashi. Karin Magana 21:13 ta ce wanda ya toshe kunne ga kukan matalauci, shi ma zai yi kuka ba a amsa masa ba.

Game da yadda za ki yi roƙon, ki koya daga Hannatu a 1 Sama'ila sura 1, wadda ita ma ta daɗe ba ta haihu ba. Kishiyarta Feninna tana tsokanarta kowace shekara. Da take addu'a a wurin sujada a Shilo ba ta ɗaga murya ba, leɓunanta kawai suke motsi, har Eli firist ya zaci ta bugu. Ta faɗa wa Allah baƙin cikinta yadda yake, ba ado. Abin da yake ba ni mamaki, bayan ta tashi sai ta ci abinci, fuskarta ta sake, alhali ba ta riga ta yi ciki ba. A ganina amsa ta fari ke nan. Ƙarfin murya ba shi ne ba, yawan kalmomi ma Yesu ya ce ba shi ne ba a Matiyu sura 6. Naciya ce ya yaba, kamar ta gwauruwar nan da ta dami alƙali a Luka sura 18, saboda haka kada ki daina.

Sauran magana mai wuya, kuma ba zan ɓoye miki ba. Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa ƙayar da take jikinsa, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi. Yesu da kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya ƙare da miƙa kai ga nufin Uba. A Ayyukan Manzanni sura 12, Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, Bitrus kuwa mala'ika ya fito da shi daga kurkuku, duk a sura ɗaya. Na san mata da suka rungumi jariri bayan kowa ya fid da rai. Na kuma san wata baiwar Allah da ta koma ga Ubangiji ba ta haifa ba, marayun da ta raina su suka ɗauki gawarta suna kiranta mama. Ban isa in ce bangaskiyarta ta gaza ta waɗancan ba. Don haka ba zan yi miki alkawarin wata ko shekara ba, kuma ki yi hankali da mai yi miki.

Ki je asibiti, wannan ba rashin bangaskiya ba ne. Allah ya ƙara wa sarki Hezekiya shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka manna masa ɓaure a kan marurun da ya kwantar da shi. Kuma kada ki tafi ke kaɗai, domin matsalar haihuwa takan kasance daga wajen namiji ma, gwajinsa kuwa ya fi na mace sauƙi. Ban ji kin ambaci maigidanki a tambayarki ba. A Farawa 25:21 Ishaku ne ya yi roƙo saboda matarsa, 1 Bitrus 3:7 kuma ta gargaɗi maza su girmama matansu don kada addu'arsu ta toshe. Ki nemi lokacin da hankalinsa yake kwance ku karanta wuraren nan biyu tare. In ya ƙi zancen asibiti, ki samu matar fasto ko wani dattijon ikilisiya da yake jin maganarsa ya zauna da shi. Ni da matan zumuntarmu za mu sa ku biyun a addu'a.